Ɗan daudu a fim: A Kano abin dariya, a Amurka abincin dodo

A cikin watan Afrilu na shekarar 2024 ne Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, a ƙarƙashin shugabanta Abba El-Mustapha, wanda shi kansa tsohon ɗan wasa ne, ta ba da sanarwar hana shirya duk wani fim da ke nuna harkar daba ko ta daudu. Hujjar hukumar ita ce koke-koken jama'a sun yi yawa cewa irin waɗannan finafinai na ɓata tarbiyyar yara. Maganar daba ce ta fi ɗaukar hankali, domin a lokacin faɗan unguwanni da ƙwacen waya sun addabi birnin. Ita kuwa maganar daudu, sai aka gyaɗa kai kawai aka wuce, kamar ba shekara ashirin da ɗoriya aka yi ana cin kasuwa da ita ba.

Funtuwa ba a Jihar Kano take ba, amma in an yi tari a Kano 'yan kallon Funtuwa sai sun ji a ƙirjinsu. Tun zamanin kaset, daga Kano dillalai ke sauke kaya, masu shagunan haya su ɗauka su rarraba har Bakori, Ɗanja, Ƙafur, Malumfashi, Faskari da Ɗandume. Lokacin kaka, in manomi ya sayar da masara da auduga, cikin abin da yakan fara saye har da bidiyo da ɗan janareta. Yau kaset ya tafi, faifan sidi ma ya bi shi, shagunan tura fim a waya sun maye gurbinsu. Sai dai har yanzu abin da aka tace a Kano shi ake ci a nan. Abin da ya ƙaru kawai shi ne, a kwamfutar mai shagon akwai Indiya-Hausa, akwai na Turkiyya da Koriya, akwai kuma na Amurka masu dogon zango, waɗanda ɗalibai da matasa masu jin Turanci kan nema.

A cikin na Amurkan akwai wani fim ɗin ban tsoro da ya shekara goma sha yana gudana, "American Horror Story". Masoyansa na can sun daɗe suna ƙorafi a kan wani abu guda da ya shafi maza masu neman maza da ake sakawa a cikinsa. Duk wanda ya saurari ƙorafin da kunnen basira, ya kuma san finafinan Hausa, zai ji kamar an taɓo wata tsohuwar magana ta gida.

WANE NE ƊAN DAUDU?

Kafin a je Amurka, ya kamata a warware wani ƙulli da 'yan fim suka taya jama'a ƙullawa. A bakin Bahaushe daudu daban, luwaɗi daban. Ɗan daudu namiji ne da ya ɗauki ɗabi'un mata wajen magana da tafiya da sana'a: tafa hannu, shewa, habaici, ɗaura zane wajen aiki, girki. Wasu daga cikinsu suna neman maza, wasu ba ruwansu, da yawa kuma magidanta ne masu mata da 'ya'ya. Haka nan akwai masu neman maza da ba za ka taɓa ganin alamar daudu a jikinsu ba. Wani malamin jami'a Ba'amurke, Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da 'yan daudun Kano a shekarun 1990, ya yi dogon bayani a kan wannan bambanci cikin littafinsa "Allah Made Us" na shekarar 2009.

Sunan ma daga wajen bori ya fi samun gindin zama. Masana al'ada sun danganta shi da Ɗan Galadima, ɗan sarautar nan na birnin aljanu, Jangare, wanda aka sani da ado da turare da caca da kyauta ta fitar hankali, ake kuma yi masa laƙabi da Daudu. A dandalin bori, 'yan daudu na cikin masu hidima da rawa da yi wa dokin iska ado. Mutanen ƙasar Malumfashi, inda har yau akwai gidajen Maguzawa, ba sai an yi masu dogon turanci a kan bori ba. A can ne ma masanin tarihin nan Murray Last ya zauna a cikinsu a farkon shekarun 1970 yana nazarin cuta da magani.

Ita kuwa Funtuwa garin mahaɗa ce. Titin Zariya, na Gusau da Sakkwato, na Katsina da na Birnin Gwari duk a nan suka haɗu, ga layin dogon da ya wuce zuwa Ƙauran Namoda, ga injin gurzar auduga da ya tara leburori tun zamanin Turawa. Duk garin da ke tara direbobi da fatake da 'yan cirani dole ya buƙaci mai dafa abinci a waje, a lokacin da matan aure ke cikin kulle. A tashoshin ƙasar Hausa 'yan daudu na daga cikin waɗanda suka riƙe wannan sana'a: tuwo, shinkafa da miya, soyayyar kaza, farfesu. Wasu kuma suka haɗa da kawalci a gidajen mata masu zaman kansu, abin da ya ƙara ɓata masu suna. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan namijin da ke kwaikwayon mace, kuma hukuncin addini a kan haka sananne ne ga kowa. Amma duk da wa'azin, mutumin yana nan cikin gari, ana cin abincinsa, ana cin bashinsa, ana gayyatar sa aikin biki.

IBRO YA ƊAURA ZANE

Da fim ɗin Hausa ya kafu bayan "Turmin Danya" na 1990, 'yan camama ba su daɗe ba suka gano cewa akwai kuɗi a bakin ɗan daudu. A farkon shekarun 2000 marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan ya fito a "Ibro Ɗan Daudu", kuma kowa ya san in Ibro ya kama rol ba ya yi masa riƙon wasa. Karya murya, murguɗa baki, riƙe ƙugu, habaici mai ratsa ƙashi, duk ya kwashe. Gidajen kallo suka cika da shewa. Yara suka haddace maganganun, suka riƙa jifan duk wani mai sayar da abinci da su in sun gan shi a hanya.

A yi wa Ibro adalci: babu wanda ya bari. Ya yi Ibro malami, ya yi ɗan sanda, ya yi Bature, ya yi har Usama. Shi kansa bai tsira daga hukuma ba, don a 2008, zamanin Malam Abubakar Rabo, an ɗaure shi wata biyu a kan "Ibro Aloko". Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, kuma har gobe ba a samu wanda ya cike gurbinsa ba. Matsalar ta fi yawa ga waɗanda suka biyo sawu. Sun ɗauki zanen da tafin, suka bar basirar. Daga nan ɗan daudun fim ya zama mutum guda, ko wane ne ya hau rol ɗin. Shi ne mai kai gulma tsakanin kishiyoyi. Shi ne mai hure wa matar aure kunne. A finafinan tsafi da aljanu kuwa, waɗanda su ne na ban tsoron Bahaushe, aikinsa ya raka Hajiya wajen boka a cikin kogo, ya tsaya a baya yana salati da ƙaramar murya, in aljani ya bayyana ya zubar da takalmi ya arce domin 'yan kallo su ɗan sarara. In fim ya zo ƙarshe, ɗayan biyu ne: ko ya sha duka, ko ya durƙusa gaban malam ya tuba cikin sin ɗaya, a rubuta "Alhamdulillah".

Ko su 'yan wasan ba su tsira ba. Ado Gwanja, kafin waƙoƙin mata su ɗaga shi, da rol ɗin daudu aka fi sanin sa, kuma ya iya har abin ya zame masa ɗawainiya. Sau da yawa a hira da 'yan jarida sai ya tsaya yana bayanin cewa wasan kwaikwayo ne fa, sana'a ce. To in wanda ya ari rigar na awa biyu sai ya yi ta wanke kansa, ina ga wanda a cikinta yake kwana yake tashi?

A CAN KUMA, JINI

"American Horror Story" ya fara fita a tashar FX ta Amurka a watan Oktoba na 2011. Ryan Murphy da Brad Falchuk ne suka ƙirƙiro shi, da wata dabara da ta burge kowa: kowane zango da sabon labari da sabon wuri, amma 'yan wasan kusan su ne dai, sai su sake suna da kama. Zango na farko gidan fatalwa ne a Los Anjalas. Na biyu asibitin mahaukata a 1964. Na uku makarantar mayu a New Orleans. Tsohuwar jaruma Jessica Lange ta riƙe zangunan huɗu na farko, ta ci lambar Emmy sau biyu a kansu, kuma da yawa na ganin tun da ta ja da baya fim ɗin ya fara rasa gishiri.

Shi Murphy bai taɓa ɓoye cewa namiji yake aure ba, don haka masu irin rayuwarsa a Amurka suka sa rai cewa ga nasu ya samu dama, za a nuna su a matsayin mutane. Ga abin da suka samu. A zangon farko akwai Chad da Patrick, waɗanda suka mallaki gidan kafin jaruman labarin. An kashe su kisan wulaƙanci, na Patrick ɗin ma da ƙarfen tona wuta, ta hanyar da ba ta faɗuwa a shafin mujalla. Bayan mutuwa suka zama fatalwa, aka kulle su cikin gidan suna ta faɗa da zargin juna har abada. A zango na huɗu, "Freak Show", mai labarin 'yan wasan dabo a Florida ta 1952, an kawo uku. Dell, ƙaton da ke ɓoye halinsa daga matarsa, ya zama mai kisa, aka harbe shi. Stanley ɗan damfara ne mai sayar da gawarwaki, aka yi gunduwa-gunduwa da shi. Andy kuwa, wanda Matt Bomer ya fito a matsayinsa, kashi ɗaya tak ya yi, aka daddatsa shi da ransa.

Masu kare Murphy suna da magana, kuma ba ta banza ba ce: fim ɗin ban tsoro ne, kowa mutuwa yake yi, mace da namiji, yaro da babba. Gaskiya ne. Masu ƙorafin kuma suka ce a duba irin mutuwar. Sauran mutane ana kashe su don labari ya ci gaba, su kuwa kullum ta wajen abin kunyarsu ake bi, kyamara ta tsaya ta ƙare masu kallo. Kuma kafin a kashe su da wuya a ba su wani hali da ya wuce kishi da sha'awa da son ado.

Abin da ya fi ba masoyan haushi shi ne marubutan sun iya in sun so. A zango na biyar, "Hotel" na 2015, wanda Lady Gaga ta ci Golden Globe da shi, Denis O'Hare ya fito a matsayin Liz Taylor, magidancin da ya bar iyali ya koma shigar mata yana aiki a mashayar otal. An ba wannan rol lokaci da nutsuwa. An nuna kaɗaici, an nuna karatu da hankali, an nuna ranar da ɗan da aka bari tun yana ƙarami ya zo ya zauna suka yi magana. Mutane da dama da ba su yarda da rayuwar Liz ba sun ce a wannan sin ɗin suka ji ƙwalla. Ka ji aikin marubuci.

Sai zango na 11, "NYC", da ya fito a Oktoba 2022 da kashi 10. A nan gaba ɗaya labarin nasu ne. New York ce a 1981, shekarar da likitocin Amurka suka fara ba da rahoton wata baƙuwar cuta a jikin samari biyar a Los Anjalas, wadda daga baya duniya ta sani da ƙanjamau. Akwai ɗan jarida Gino, akwai ɗan sanda Patrick, akwai mai kisan ɗauki ɗai-ɗai, ga kuma wani ƙato mai rufe fuska da baƙar fata, Big Daddy, wanda a ƙarshe aka gane cutar ce aka siffanta. Tunanin ya yi kyau. Wasu masu sharhi sun yaba, musamman kashi biyun ƙarshe, inda ake ta jera jana'iza ba magana. Wasu kuwa suka ce kai, an shafe kashi takwas ana yawo da su a gidajen giya da ɗakunan azabtarwa, sai da aka zo binne su aka tuna mutane ne. Ba a nuna iyayen da suka yi jinya ba sai ƙalilan, ba a nuna sana'a da zaman yau da kullum ba. Annobar da ta kashe miliyoyi, har a Nijeriya inda aka fara tabbatar da ita a 1986, ta koma dodo mai tsoka a lungu.

Wata guda kafin wannan, a Satumba 2022, Murphy ɗin dai ya saki labarin Jeffrey Dahmer a Netflix, mutumin da ya kashe maza da samari 17. Dangin waɗanda aka kashe suka fito suka ce an fama masu ciwo don neman kuɗi. Zuwa zango na 12 na "American Horror Story", wanda aka sako Kim Kardashian a 2023, tsoffin masoya da yawa sun riga sun tattara tabarmarsu.

IN AN HANA, SAI ME?

Cutar dogon zango dai ba ta san ƙasa ba. 'Yan kallon Funtuwa sun san ta a gida. "Daɗin Kowa" tun 2015 yake tafiya a Arewa24. "Izzar So" na Lawan Ahmad, ɗan Bakori nan kusa, tun 2020 ya fara a YouTube, shekarar da "Labarina" na Aminu Saira shi ma ya fito. Duk mai bin irin waɗannan ya san lokacin da labari ke ƙarewa amma kasuwa ba ta ƙare ba, sai marubuci ya fara laluben abin cike gurbi. A Amurka abin cikon jini ne da tsiraici. A Kano kuwa, shekara da shekaru, in fim ya yi sanyi sai a ce a nemo ɗan daudu ya zo ya yi shewa.

Hanin da aka yi a 2024 ya toshe wannan kafa, aƙalla a finafinan da ke bi ta hannun hukuma. Kuma hukumar ta nuna ba wasa take yi ba, don a watan Mayu na 2025 ta dakatar da finafinai 22 masu dogon zango, har da "Labarina" da "Daɗin Kowa", bisa zargin sakin su ba tare da an tace ba. Sai dai tarihin Hollywood na da abin lura a nan. Daga 1934 zuwa 1968 an yi aiki da wata dokar tace fim da ake kira dokar Hays, wadda ta hana ko da ambaton irin waɗannan mutane. Ba su ɓace daga majigi ba. Sun dawo ta bayan gida, a rigar mugu. A "Psycho" na Alfred Hitchcock, 1960, mai kisan kayan uwarsa yake sawa. Al'adar ta zarce har bayan an soke dokar: a "The Silence of the Lambs" na 1991 mai kisan fatar mata yake ɗinkawa don ya sa, kuma ranar da fim ɗin ya kwashe manyan lambobin Oscar biyar a 1992 ana zanga-zanga a ƙofar zauren. Wannan gadon ne Murphy ya taras, ya ce zai juya shi, ya ƙare yana ƙara masa fenti.

A nan gida ma alamu sun nuna ɗan daudun barkwanci bai mutu ba, ƙaura ya yi zuwa TikTok da gajerun bidiyoyi, inda ba furodusa, ba darakta, ba mai duba labari. Can kuma abin ya fi muni, don babu ko ɗan sin ɗin tuban.

Shi kuwa na gaskiyar, lamarinsa ba na dariya ba ne. A Agusta 2007 an kama maza 18 a Bauchi, aka gurfanar da su a kan shigar mata. A Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, mai ɗaurin shekara 14. Dokar ba ta ambaci daudu ba, amma a kan titi wa ke tsayawa bambancewa? Wanda murya da tafiya suka tona shi ake fara nunawa da yatsa, ko da kuwa yana da mata biyu a gida. Mai kuɗin da ke aikata abin a ɓoye cikin babbar riga ba wanda ke tare motarsa.

Ga marubucin da ke neman labari, abin takaicin shi ne kayan aiki na nan zube ba a taɓa ba. Mutum ne da ke tashi kafin asuba ya kai niƙa, ya hura wuta, ya ciyar da rabin tasha. Da kuɗinsa ake saya wa gonar gidansu taki in damina ta kama, shi ke biya wa ƙanne kuɗin makaranta, amma ranar ɗaurin auren ƙanwar sai a aiko masa cewa ya tsaya wajen girki, kada ya fito cikin maza. Ɗansa na dawowa daga makaranta da kuka saboda abin da yara suka kira ubansa. Wani ya je Makka ya dawo, ya bar harkar, amma sunan ya ƙi barin sa. Wani ya tsufa, ƙarfin tuƙa tuwo ya ƙare, yaran da ya raina a rumfa su ne ke jinyarsa saboda dangi sun ja baya. Ko malamin da ya fi kowa zafi a kan daudu zai iya zama ya kalli irin wannan fim ya samu abin ɗauka a huɗubarsa, don ba ya buƙatar a halatta komai, ba ya buƙatar rawa ko shewa. A shekarun da ƙofa take buɗe, da wuya a nuna furodusan da ya zuba kuɗinsa a irinsa. Yanzu kuma, duk wanda ya kai wannan labari Kano sai ya fara zama da hukuma ya gamsar da ita cewa bai faɗa cikin abin da aka hana a 2024 ba.